Ladin Kogi Da Ɗoɗɗoya A Bakin Binuwai

Makon nan za mu ajiye zare da allura, mu rufe tukunya, mu yi tafiya. Gabas za mu nufa har Yola, mu tsaya a bakin kogin Binuwai, don akwai abu biyu da na ke so in nuna muku can. Ɗaya 'yar tsuntsuwa ce mai zama a kan yashi, ɗaya kuwa ganyen miya ne wanda kowaccenku ta taɓa tsinka. Na san wata za ta ce, me ya gama kifi da kaska? To, ki ɗaura ɗankwalinki ki biyo ni, in mun isa kya gani.

In daga Kano kika tashi da asuba, mota za ta kai ki Gombe, daga nan ta karkata kudu ta ratsa Billiri da Kaltungo. Nan za ki ga ƙasa ta sake kama, duwatsu sun miƙe dama da hagu, wani mai tsini kamar an fere shi da wuƙa. Kina wuce gonakin rake sai ga gadar Numan, inda kogin Gongola ya gangaro daga arewa ya faɗa cikin Binuwai. Daga Numan tafiyar kamar awa guda ce zuwa Jimeta. Baƙuwa ta kan ce Yola kawai, alhali garuruwa biyu ne. Akwai Yola ta Lamiɗo, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, can fada ta ke. Akwai kuma Jimeta a bakin ruwa, inda babbar kasuwa da ofisoshi da tashar mota su ke. Fillanci ne harshen fada, amma kada ki damu, da Hausa za ki yi ciniki a kasuwar Jimeta har ki nemi gyara a ba ki.

Shi wannan kogi daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru ya fito, ya biyo ta Garwa ya shigo Nijeriya, bai tsaya ba sai Lakwaja inda ya haɗu da Kwara. Tsawonsa kimanin kilomita 1,400, watau mil 870 ke nan a lissafin iyayenmu. In a Agusta ko Satumba kika zo, za ki tarar da jan ruwa ya cika ya batse, ƙetaren ma da ƙyar a ke hangowa. Zamanin Turawa a 'yan makonnin nan ne jiragen kamfani su ke samun hawowa daga teku har Yola da Garwa, su sauke gishiri da yadi, su ɗauki gyaɗa da auduga, su yi maza su juya tun ruwa bai janye ya bar su bisa yashi ba. Wannan zamani ya wuce, manyan motoci sun gaje aikin.

In kuwa a Maris kika zo, kai, sai ki rantse ba kogin ba ne. Ruwan ya tsuke ya koma 'yan rassa suna lanƙwasa tsakanin tsibiran yashi, wani tsibirin ya fi filin idi girma. Masunta sun kafa bukkokin zana, mata na wanki, Fulani na ƙetarar da shanu, tifofi na gangarowa suna ɗibar yashin gini. Zafi kuwa ba a magana. Yola na cikin garuruwan da suka fi zafi a Nijeriya, a Maris da Afrilu ma'auni ya kan haura digiri 40 a inuwa. Yashin nan in kika taka shi ba takalmi da tsakar rana, kya yi rawar da ba wanda ya kaɗa miki. Duk da haka a wannan lokaci na ke so ki zo, gama shi ne lokacin ladin kogi.

Ki nemi mai kwalekwale tun da sassafe, ki ce masa, "Sannu da aiki, Baba, tsibirin da ba kowa za ka kai ni." Zai dube ki ya ce, "Hajiya, me aka ajiye miki can?" Ke dai ki shiga ki zauna tsakiya, ki bar motsi. In kun yi nisa da mashaya da hayaniyar masu yashi, ki riƙa duban inda ruwa ya ke lasar gaɓa. Nan za ki gan ta tana 'yar sassarfa, ta tsaya ta tsinci wani abu, ta sake yin gaba.

Ba ta kai kurciya girma ba, tsawonta bai fi inci 8 ba, amma Allah ya yi mata ado. Fukafukanta toka-toka ne mai shuɗi-shuɗi, ƙafafun ma haka. Kanta baƙi wuluk, da farin layi a bisa ido, da baƙin zane da ya ratsa idon kamar ta zizara kwalli ta wuce iyaka. Wani baƙin layi kuma ya gangaro ya zagaye ƙirjinta kamar dutsen wuya, cikinta kuwa launin ruwan goro mai haske. Sunan ma ai na mata ne, irin na 'yar da aka haifa ran Lahadi, kuma ko a gidan suna ba za ki ga Ladin da ta fi ta kwalliya ba. In ta tashi ta kan bi saman ruwa ƙasa-ƙasa, sa'an nan ne za ki ga fari da baƙin da ta ɓoye cikin fiffike. In ta sauka kusa da mijinta sai su ɗaga wa juna fukafukai, gaisuwarsu ke nan. Namiji da mace kamarsu ɗaya, ba kya bambance su da ido. Abincinta ƙwari ne da 'yan tsutsotsi, ta kan birkice tsakuwa da baki, ta kan kuma yi tsalle ta tone danshi da ƙafa biyu. Ba ta da tsoron mutane ƙwarai, wani lokaci har gefen masu wanki ta ke zuwa.

To, yanzu ki nemi sheƙarta. Ki duba duk tsibirin, ba za ki ga tsinke ɗaya da aka ɗora kan wani ba. Ladin kogi ba ta yin sheƙa. 'Yar kwarmi ta ke yi a cikin yashi tsirara, inda ba ciyawa ba inuwa, ta saka ƙwai 2 ko 3, sa'an nan ta tura musu yashi da baki ta rufe su. Rufin bai fi kaurin ƙwayar gero ba, amma ya isa. Hankaka ya zo ya yi shawagi ya wuce, guza ya bi ta gefe bai san akwai kalaci a ƙarƙashin hancinsa ba. Ke ma kina iya taka wurin ba ki sani ba, don haka ki tsaya a bakin ruwa, kada ki ratsa tsakiyar tsibirin.

Wanda ya zauna ya ƙididdige al'amarin tsuntsuwan nan wani masanin tsuntsaye ne daga Amurka, Thomas Howell. A 1977 ya je Gambela ta ƙasar Habasha, a bakin kogin Baro, ya yi makonni yana kallonsu yana auna zafin ƙwan, ya buga abin da ya gani a 1979. Ga yadda yininsu ya ke. Da dare, sa'ad da yashi ya huce, ɗaya daga cikin iyayen ya kan yaye rufin ya kwanta bisa ƙwan kamar yadda kaza ta ke yi. Da hantsi, rana ta ɗumama yashi daidai wa daida, sai su rufe su tafi kiwo, su bar rana ta yi musu kwanci. Wahalar sai rana ta take. A can Gambela zafin iska ya kan kai digiri 45 a inuwa, yashi kuwa ya fi iska zafi nesa ba kusa ba, ƙwan da aka bari haka kuwa dahuwa zai yi. Sai ki ga uwar ta ruga bakin ruwa, ta tsoma cikinta har gashin ya sha ya ƙoshi, ta dawo da gudu ta kwanta bisa wurin ta jiƙa yashin. Kafin a jima ya bushe, sai uban ya zo da nasa ruwan. Haka za su yi ta kai da kawowa, bayan 'yan mintoci kaɗan kaɗan, wajen awa 6 kowace rana, har kimanin kwana 30 kafin a ƙyanƙyashe. Da wannan su ke riƙe ƙwan a wajen digiri 37 da ɗoriya, kusan zafin jikin mutum mai lafiya.

'Yan makaranta, kun gane dabarar? Ita ce ta randar da ke tsakar gidanku. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na kwashe danshin, yana tafiya da zafi, shi ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Jiƙaƙƙen yashi ma haka ya ke yi wa ƙwai. Ke kuma uwargida, ki lura aikin nan raba shi su ke yi, uwa ta ɗebo uba ya ɗebo. In kin ga dama ki karanta wa maigida wannan wuri da ɗan ƙarfi.

Ko an ƙyanƙyashe ba a huta ba. 'Yan tsakin suna fitowa da ƙafarsu, amma in shirwa ta gitta sai ɗan ya lafe a 'yar kwarmi, uwar ta watsa masa yashi ta binne shi ɗungum, ya yi shiru har haɗari ya wuce. Ana yi musu haka har su yi wajen mako 3. In zafi ya yi yawa ana jiƙa yashin da ke kansu, ƙishirwa kuma daga jiƙaƙƙen gashin cikin iyayensu su ke tsotsa. Duk tsuntsun da ya matso kuwa, ko ya fi ta girma, sai ta buɗe fukafukai ta yi kansa.

Akwai wani labari da ya bi ta duniya, watakila kun gamu da shi a littafin makaranta. Wani marubucin ƙasar Girka, Hirodotus, wanda ya ziyarci Masar shekara fiye da 2,400 da suka wuce, ya rubuta cewa akwai wata tsuntsuwa a kogin Nilu da kada ke buɗe wa baki, ta shiga ta tsince masa matsattsaku, shi kuwa ba ya cutarta. Mutanen baya suka ce ai ladin kogi ya ke nufi, har Turawa suka laƙaba mata sunan tsuntsuwar kada. Amma Howell ya zauna a kogi mai kadoji bai ga haka ba, hoton nan kuma da ke yawo a intanet na tsuntsuwa cikin bakin kada haɗa shi aka yi da kwamfuta. Wani sunan da Turawa su ke kiranta da shi na jingina ta ga Masar ne, alhali tun farkon ƙarni na 20 ta ɓace daga can. Yanzu mazauninta manyan kogunan da suka ratsa tsakiyar Afirka ne, daga Sanagal har Habasha. Ni dai a wurina labarin kadan nan bai kama ƙafar na ɗiban ruwa ba, ga shi kuwa na ɗiban ruwan ne gaskiya.

Rana ta fara zafi, tsayuwarki kuma tana hana iyayen komawa kan ƙwai, don haka ki ce wa Baba ya juya da ke. In kun sauka ki hau gaɓa, ki nufi lambunan da ke bin bakin kogi da gefen tafkin Geriyo, yamma da Jimeta. Nan ido zai huta. Fangali bayan fangali, ga alayyafo, ga latas, ga albasa, tattasai da tumatir, ga shinkafar rani. Da can da jigo a ke ban ruwa, yanzu ƙaramin inji ne ke ta tatata yana turo ruwa ta mesa. A gefen fangali, ko a bakin rijiya, inda ƙasa ba ta bushewa, za ki ji ƙamshi ya tare ki tun ba ki ga mai shi ba. Ɗoɗɗoya ke nan, wasu su ce ɗaɗɗoya.

Iri biyu za ki fi gani. Akwai babba, mai faɗin ganye da baki kamar zarto, wadda ta kan yi itace a gindi ta kai tsayin mutum, ta shekara da shekaru in tana samun ruwa. Ita ce Yarabawa ke kira efinrin, Ibo kuma nchanwu, sunan da ke nufin mai korar sauro. Akwai kuma ƙarama, mai ƙananan ganye da sanyin ƙamshi, wadda ta kan yi fure ta zubar da iri ta mutu a shekara guda. Ki murza karan kowacce tsakanin yatsunki, za ki ji ba mulmulalle ba ne, kusurwa huɗu gare shi, ganyen kuma biyu-biyu su ke fitowa suna fuskantar juna. Wannan ita ce shaidar gidansu, na'ana'ar da a ke sa wa shayi ma 'yar gidan ce. Danginta sun yi nisa a duniya. Mutanen Italiya na kirɓa wata da tafarnuwa da mai su ci taliya da ita, a Indiya kuwa mabiya addinin Hindu na dasa wata a tsakar gida suna girmama ta.

Daga ina ƙamshin ya ke fitowa? In malamarku tana da madubin nan mai ƙara girman abu, ku ɗora shi a bayan ganyen, za ku ga 'yan ɗige-ɗige birjik. Kowane ɗigo 'yar jaka ce cike da mai. In an taɓa ganyen jakar ta fashe, man ya bi iska ya zo hanci. Ba don miyarmu ta tanade shi ba, makaminta ne, ƙwari da yawa ba su son sa. Ki dubi ikon Allah, abin da ta yi don a ƙyale ta shi ne ya sa muka kama ta muka kai gida. Ladin kogi ta tsare 'ya'yanta da ɓoyo, ta shafe wurin kamar ba a taɓa yin komai ba. Ita kuwa wannan ba ta da ƙafar gudu, sai ta tsaya wuri ɗaya tana shela da ƙamshi.

Ga wani abu da za ku gwada, ba ya cin ko kwabo. Ku karkaɗe busasshen furen ƙaramar ɗoɗɗoya a tafin hannu, 'yan baƙaƙen iri za su zubo, ƙanana fiye da riɗi. Ku zuba su a cokali da ɗan ruwa, ku jira 'yan mintoci. Kowace ƙwaya za ta kumbura ta yafa farin yauƙi kamar ƙwan kwaɗo. Wannan yauƙi shi ke manne ta da ƙasa, ya riƙe mata danshi har ta tsiro. Ashe ita ma ta san ɗiban ruwa wa ɗanta, sai dai tun a ƙwaya ta ke ɗaura masa guzurinsa, tun da ba za ta iya yin safara zuwa kogi ba.

Tun da muna bakin Binuwai, ai ba ma tafi ba mu sha romon kifi ba. Ki sayi ragon ruwa ko tarwaɗa daga hannun matan da ke tarbar masunta, ki wanke da toka ko lemun tsami har santsin ya fita. Ki ɗora ruwa da albasa da attaruhu, citta, masoro, kimba kaɗan da 'yar daddawa, su tafasa su haɗa kansu tukuna, sa'an nan ki jera kifin, ki rage wuta, kada ki juya da ludayi don kada ya farfashe. Ɗoɗɗoya ita ce ta ƙarshe. Nan ne mata da yawa su ke yin asara, su jefa ta tun farko tare da albasa, gida ya game da ƙamshi har maƙwabta su yi ta tambaya, a zo ci kuwa a ji salam. Dalili, man nan ba ya jimre wuta, ƙamshin da kika ji a tsakar gida daga tukunya ya gudu. Ki yayyaga ganyen da hannu, ki watsa sa'ad da kifi ya nuna, ki rufe, ki sauke. In shanyawa za ki yi don ajiya, a inuwa za ki baza ta, rana ma kwashe man ta ke yi.

Iyayenmu na dafa ganyen su sha don ciwon ciki, suna kuma ajiye reshe a ɗaki ko su turara shi saboda sauro. Ban hana ba, amma ƙamshin ba ya kai wa asuba, sauro kuwa ba ya barci. Ki rataya gidan sauro. Yaron da ke gudawa kuma ruwan gishiri da sukari za ki fara ba shi, ki nufi asibiti, kada ki tsaya jiran ganye.

To, mai lambu da ladin kogi duk agogo ɗaya su ke bi, watau cikar kogi da janyewarsa. Ruwan damina ya hau gaɓa ya shimfiɗa laka mai taki, ya janye, mai lambu ya shiga ya shuka. Shi ne kuma ya ke share tsibirai, ya tumɓuke ciyawar da ta tsiro bara, ya zuba sabon yashi, tsuntsuwa ta samu wurin saka ƙwai. In ruwa ya dawo ya rufe tsibiran, sai ta tashi ta bazu, har a kan gan ta da damina a bakin gulabe da tafkunan da ke arewa. Amma a 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru, kimanin kilomita 50 sama da Garwa, don wutar lantarki da noman rani. Tun daga ran nan rabin agogon ya koma hannun mutum. Madatsa ta kan tare yashin da ke gangarowa, ta rage ƙarfin cikar da ke share tsibirai, ta kuma saki ruwa da rani a lokacin da dā kogi ke kwance. Sa'ar da aka yi ita ce Mayo Kebbi da Faro, manyan rassa biyu, a ƙasa da madatsar su ke shigowa, suna kawo nasu ruwan da nasu yashin.

In kuma damina ta yi ƙarfi madatsar ta cika, tilas a buɗe ƙofofi. Mutanen Adamawa ba su manta 2012 da 2022 ba, shekarun da ruwan sama mai yawa ya haɗu da sakin Lagdo, gidaje da gonaki suka nutse tun daga nan har bakin teku. A 2022 fiye da mutum 600 ne suka rasu a ambaliya a faɗin Nijeriya. An daɗe ana zancen gina wata madatsa a Dasin Hausa, cikin ƙasar Fufore, don ta tare rarar ruwan, amma har ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba. Wannan masifa ce ta mutane, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ba na kuma haɗa ta da asarar ganye ko tsuntsu.

Sai dai in ruwa ya janye aka koma gyara, nan ne za ki ga inda abokan tafiyarmu biyu suka rabu. Matar da lambunta ya nutse za ta leƙa gidan maƙwabciya ta ce, "Yaya, a sam mini reshen ɗoɗɗoya." A karyo mata, ta soka a fasasshiyar tukunya kusa da inda a ke wanke-wanke, kafin wata guda ta kama. Ɗoɗɗoya ba ruwanta da Binuwai, ruwan wankin shinkafa ya ishe ta, za ta yi a Kano, ta yi a Damagaram, ta yi a zangon Kumasi cikin gwangwanin madara. Ladin kogi fa? Ba a sa ta a keji, ba a watsa mata tsaba. Bukatarta tsibiri ne na yashi tsirara, wanda ruwa ya kewaye don kada kare ko dila su iso, ruwan kuma ya zama kusa yadda za ta kai ta komo gashinta bai bushe ba. Tana kuma son a bar mata shi haka kusan wata 2, daga saka ƙwai har 'ya'ya su tashi. In ruwa ya ƙaru da taƙi guda cikin dare a watan Maris, ƙwan sun tafi. In ciyawa ta rufe tsibirin, ba ta sauka. In tifa ta shiga, ko garken shanu ya ratsa, ko yara suka hana ta komawa na rabin awa da tsakar rana, aikin wata guda ya lalace. Masana ba su sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa ba tukuna, amma madatsun ruwa su ke ambata in ana zancen abin da ke yi mata barazana. Ana kuma ganinta a gandun dajin Binuwai na Kamaru, kudu da Garwa, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1968. Shi yana sama da Lagdo, inda kogi ke cika ya janye yadda ya saba.

Ba na cewa a bar gini don tsuntsu, gidan da ki ke ciki ma da yashin wani kogi aka yi shi, wutar Lagdo kuma wasu mata ne irinmu ke karatu da ita. Amma tsibiran suna da yawa, ba dukansu tifa ke bukata ba. Ke da ke zaune a bakin Binuwai ko Kwara, in ɗanki ya zo da 'yan ƙwai masu ɗige-ɗige a hula ya ce a yashi ya tono, kin san na wace ce yanzu. Ba su kai loma guda ba. Ki gaya masa yawan sawun da uwarsu ta yi a kansu.

Kafin ki hau mota ki koma wurin mai lambu ki ce, "Malam, a taimaka mini da reshe biyu." Ki zaɓi wanda ya fara ƙwari amma bai yi fure ba, tsawon taƙi guda, ki cire ganyen ƙasa ki bar na kai. Ki naɗe gindin da jiƙaƙƙen tsumma, ki sa a inuwar kujera, in an tsaya salla a Kaltungo ki ƙara masa ruwa. In kin isa gida ki tsoma shi a kwalba kwana 7 ko 10 har fararen saiwoyi su fito, sa'an nan ki dasa da yamma, inda rana ke samu da safe. In ta fara fure ki riƙa tsinke kan, ta fi yin ganye. Da hunturu za ta yi kamar ta yi fushi, ki ci gaba da ba ta ruwa, zafi na dawowa za ta sake toho.